Disamba a Wasagu: Rumbu, Albashi da Shirin Kirsimeti

  

Yau shirin namu ya sauka a Wasagu, cikin Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, a Masarautar Zuru ta Jihar Kebbi. Gaisuwa ga mutanen Ribah, inda hedikwatar ƙaramar hukumar take. Gaisuwa ga na Bena da Waje da Kanya da Maga da Danko. Gaisuwa kuma ga 'ya'yan wannan ƙasa da ke saurare daga barikokin soja da garuruwan ci-rani.

Batun yau shi ne makonnin nan da suka rage kafin Kirsimeti. Me ake ciki a gidaje? Wane labari ke zuwa daga wuraren aiki? Me ya sa shawarar da magidanci ya yanke a Disamba take bin sa har cikin Agusta? Za a fara da gona da rumbu, can ne za a fi daɗewa. Daga nan sai kasuwa, sai labarin ma'aikata, sai hanya, sannan ranar bikin kanta.

Kada Musulmin da ke saurare ya ce wannan ba shirinsa ba ne. A ƙasar Zuru, gida ɗaya kan haɗa Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya. Kawu na zuwa masallaci, goggo na zuwa majami'a, kaka kuma tana riƙe da abin da ta gada. Akwai Dakarkari, masu kiran kansu Lelna. Akwai Fakkawa da Bangawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani. 'Yan mishan sun shigo ƙasar tun shekarun 1920, kuma yau ga ikilisiyoyin UMCA da ECWA da Baftis, ga Katolika da ke ƙarƙashin Kontagora. Yawancin sujada da Hausa ake yi. Sau da yawa telan da zai ɗinka kayan Kirsimeti Musulmi ne. Mahaucin da zai feɗe sa Musulmi ne. Direban da zai kawo baƙi daga Kontagora ma haka. Idan Disamba ta yi kyau, kowa ya samu. Idan ta cije, kowa ya ji.

To, mu fara da gona.

A wannan yanki, dawa ce ke rufe kaka. Masara ta riga ta shigo. An tuge gyaɗa, an roro wake, an buge waken suya. Dawa kuwa sai Nuwamba zuwa Disamba ake yankanta. Mai wucewa ta bayan gari yanzu zai ga dammuna a jere, zai ji tashin sanduna a masussuka, zai ga mata na sheƙa, ƙaiƙayi na bin iskar hunturu. Wannan ne lokaci ɗaya tak a shekara da manomi ke ganin duk guminsa a tare a gabansa.

Kuma a daidai wannan lokacin buƙatu ke yi masa layi. Ga kayan yara. Ga naman biki. Ga bashin taki da aka ci da damina, mai shi ya fara aike. Ga bikin aure, domin iyalai da yawa sukan ajiye aure sai Disamba, lokacin da 'yan uwa na nesa ke gida. A garuruwan Dakarkari ga Uhola, bikin godiya bayan girbi, da kiɗa da rawa da kokawa da ciyar da baƙi. Bayansu duka ga Janairu da kuɗin makaranta. Duk waɗannan hannu ɗaya suke miƙawa, kuma rumbu suke miƙa wa.

Saboda haka ga maganar da shirin yau zai yi ta nanatawa. A ƙirga na ci. A ware iri. Sannan a sayar.

Yaya ake ƙirga na ci? Ga misali, kowa ya daidaita shi da gidansa. A ce gida na cin kwano biyu na hatsi a rana. A ce buhu na ɗaukar kwano 40, ko da yake awo ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da sabuwar masara ta wadata, wata tara ne. Kimanin kwana 270 ke nan. Kwano biyu sau 270 ya ba da kwano 540. A raba da 40, ya zama buhu 13 da rabi. A ƙara na baƙi, da na suna, da na zaman makoki, da na masu taya aikin gona. Ba za a rasa buhu 15 ba. Mai ajiye dawa da zangarniya ya yi lissafinsa da dami, tunda ya san abin da daminsa ke bayarwa.

Wannan lissafi bai yiwuwa sai da uwargida. Maigida ya san abin da ya shiga rumbu. Ita ta san abin da ke fita kullum. A gidaje da yawa hirar takan kasance kamar haka. Maigida ya ce, "Maman yara, gobe zan kai buhu biyar kasuwa." Ita kuma ta ce, "Maigida, bara ma biyar aka fara da shi, kafin a gama noman biyu muna awo da kwano." Wannan ba gardama ba ce. Rahoto take ba shi, kuma babu wanda ya fi ta sanin gaskiyarsa.

Kafin a rufe lissafi akwai haƙƙin Allah. Manomi Musulmi da amfaninsa ya kai nisabi yana fitar da kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar. Kirista yana kai zakkarsa majami'a, yana kuma kai dami ko kwarya ranar godiyar kaka. Wannan ma a sa shi cikin lissafi tun farko.

Me ya sa aka damu da wannan ƙirge? Saboda yadda farashi ke juyawa. Da kaka kowa na sayarwa a lokaci guda, sai hatsi ya yi araha. 'Yan kasuwa su zo da manyan motoci, su ɗiba a Bena da Ribah da Maga, su tara a shaguna. A yawancin shekaru, idan ruwa ya sauka rumbuna suka yi ƙasa, farashi ya hau. Manomin da ya sayar da araha a Disamba shi ne zai dawo ya sayi irin hatsin nan da tsada a Yuli da Agusta, ga aikin gona a wuyansa, ga ciki babu nauyi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Amma a lura da kyau. Ba ana cewa a ɓoye hatsi don jiran tsada ba. Shekarun nan sun nuna cewa kasuwa ba ta da alkawari. A 2024 abinci ya yi tsadar da ba a saba gani ba. A watan Yulin shekarar Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Da aka shiga 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka, waɗanda suka tara don riba da yawa sun tafka asara. Manoma kuma suka tarar da kakar da hatsi ke araha alhali taki bai sauko ba. Abin da hakan ke nufi shi ne, a irin wannan shekara sai an fitar da buhu da yawa kafin a haɗa kuɗin abu ɗaya. A nan ne rumbu ke zubewa ba a ankara ba. Hatsin ci ba na caca da kasuwa ba ne. Ko farashi ya hau ko ya sauka, yara za su ci tuwo.

To me za a sayar? A fara da abin da aka noma don kuɗi: waken suya, riɗi, gyaɗa, rarar wake. Sai akuya ko kajin da aka kiwata domin wannan lokaci, tunda su a Disamba suke daraja. Dawa da masara su zama na ƙarshe. A ƙirga na ci, a ware iri, sannan a sayar.

Abin da aka ajiye kuma sai an tsare shi. Hatsin da bai bushe ba yakan yi funfuna. Wata funfunar tana haifar da gubar da masana ke kira afulatoksin. Guba ce da ba ta mutuwa a wuta, tana lalata hanta, tana tauye girman yara. Ta fi kama masara da gyaɗa. Gwajin bushewa ba ya buƙatar na'ura. A ciji ƙwaya, in ta fashe ƙas to ta bushe. Ko a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi da busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar shi jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalba, akwai sauran laima, a mayar shanya. Shanyar kuma a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba, ba a bakin kwalta ba.

Wake kuwa, masu sauraro, a nan ake yawan kuskure. Don tsoron ƙwari sai a yayyafa masa fiya-fiya, ko a jefa ƙwayar magani mai fitar da iska mai guba, a jingine buhun a ɗakin da yara ke kwana. Wannan ganganci ne da rai. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Abin da wasu suka ƙi ci, bai kamata ya shiga tukunyar Kirsimeti ba. Akwai hanya mai sauƙi, wato buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007. Leda biyu ce mai kauri a ciki, da buhu a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwari su rasa numfashi su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Jarka mai murfi da ba ta taɓa ɗaukar mai ko magani ba ita ma tana wannan aiki, in an cika ta taf an toshe.

Yanzu mu bar rumbu, mu shiga kasuwa.

A leƙa shagon tela a Wasagu da daddare. Fitila mai aiki da hasken rana na rataye a ƙusa. Atamfofi sun taru a kusurwa, kowace an rubuta sunan mai ita da alli a gefe, an maƙala 'yar takardar awo da allura. Yaron shago na fifita gawayin dutsen guga. Maigidan bai ɗaga kai daga keke ba, yana amsa gaisuwa yana taka ƙafa. Akwai ankon Zumuntar Mata ta majami'a, akwai na 'yan kwaya, akwai na ƙawayen amarya, ga kayan yara ba iyaka. Watan nan shi ne kakar tela, kamar yadda yake ga mai kitso da mai lalle da mai injin niƙa.

Roƙo biyu ne a nan. Tela ya karɓi abin da zai iya gamawa. Babu abin da ke karya zuciyar yaro kamar safiyar biki ta waye kayansa na kan keke. Mai kai ɗinki kuma ya kai da wuri, ya biya kuɗin hannu ba tare da ja-in-ja ba, domin shi ma tela yana da nasa layin buƙatun.

Sai batun nama. Gidaje kaɗan ne ke iya yanka sa su kaɗai, shi ya sa ake watanda. Mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi, wasu tun farkon shekara suke zubi. A sayi sa, a yanka a jajibiri, a kasa kashi-kashi daidai da yawan masu zubi. Kowane kashi da tsoka da ƙashi da kayan ciki. Wasu har ƙuri'a suke jefawa don kada a ce an fifita wani. Shanu sun yi tsada a wannan yanki, kuma kowa ya san dalili. Satar shanu ta kwashe garke da yawa, har da shanun huɗa da manoma ke taƙama da su. Don haka watanda da adashi sun ƙara daraja. Matar da ta yi zubi tun Maris, ta karɓi kwasarta a Disamba, ita ce ke ceton buhunan dawa daga zuwa kasuwa. Sharaɗin dai shi ne uwar adashi ta zama mai amana, kuma a rubuta komai a littafi gaban shaidu.

A kula da kuɗi a hannu. Mutanen karkara ba su manta da canjin kuɗi ba. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin suka fito ranar 15 ga Disamba. Watannin da suka biyo baya, saboda ƙarancin takardun kuɗi, manoma suka riƙa karyar da hatsi da dabbobi ga duk mai tsabar kuɗi. Tun daga lokacin ciniki ta waya ya bazu, masu POS suka cika kasuwanni. Wanda aka tura wa kuɗi kada ya tsaya ga saƙon da mai saye ya nuna masa a wayarsa. Akwai alat na bogi. Ya duba asusunsa da kansa, ko ya sa ɗansa ya duba, kafin a ɗora buhu a mota. Lambar sirri kuma ba a faɗa wa kowa, ko da ya kira ya ce daga banki yake.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, ana magana ne kan shirin Kirsimeti a Wasagu da kewaye. Mun zo kan labarin aiki.

Malamin firamare da ma'aikacin asibiti da na sakatariyar Ribah, kunnensu na kan waya a waɗannan kwanaki, suna jiran shigar albashi. A Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a ƙasa. A Oktoban shekarar Gwamna Nasir Idris ya amince da naira 75,000 ga ma'aikatan Kebbi. Ƙari ne, amma a Disambar 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya zarce wannan adadi a kasuwannin birane da yawa. Shi ya sa kusan kowane ma'aikaci a nan manomi ne. Albashi na sayen taki, gona na ciyar da gida.

Akwai tarko a albashin Disamba. A shekarar da aka biya da wuri saboda biki, ana murna. Amma in kuɗi ya shigo ranar 20 ga Disamba, na gaba kuma sai ƙarshen Janairu, kimanin kwana 40 ke nan a tsakani. Albashin wata ɗaya ne zai ɗauki biki, ya ɗauki baƙi, ya ɗauki komawar yara makaranta. Ranar da ya shigo, a cire na Janairu a ajiye gefe kafin a taka kasuwa.

Ƙasar Zuru ƙasar sojoji ce. Marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, Gomo na Biyu, wanda ya rasu a Agustan 2025, soja ne, ya yi gwamnan Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985. Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, shi ma ɗan ƙasar Zuru, ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Bayan manyan akwai dubban ƙananan sojoji da 'yan sanda da ba a san sunansu ba sai a gidajensu. Da yawa ba za su zo Kirsimeti ba. Lokacin biki ne aka fi buƙatarsu a bakin aiki. Abin da zai iso shi ne kiran waya da ɗan saƙon kuɗi: "Mama, ba a ba ni fas ba, ga wannan a saya wa yara takalma." Iyalai su sani, kuɗin nan daga ƙaramin albashi aka yanko shi, kuma a wuri mai haɗari aka same shi. A tambayi lafiyar mai aikowa kafin a tambayi nawa ya aiko.

Disamba kuma lokacin baje labarin aiki ne. An yi wa wane ƙarin girma. An mayar da wance Birnin Kebbi. Wane ya yi ritaya yana jiran haƙƙinsa. Ɗalibai sun dawo hutu daga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, da sauran makarantu. Waɗanda suka gama karatu ba aiki su ne suka fi jin nauyin tambayar dangi: "Yaya, har yanzu shiru?" A sassauta musu. Saurayin da ya riƙe gona da damina ya hau kabu-kabu da rani ba zaman banza yake ba. A al'adar Dakarkari ma, a golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai har shekara bakwai kafin a ba shi mata, da fartanya ake auna namiji.

A cikin wannan yanayi ne 'yan damfara ke shigowa. Wani zai zo da manyan kaya, ya ce yana da hanya a Abuja, akwai gurbin soja ko kwastan ko shige da fice, a kawo kaza. Uba ya buɗe rumbu ya sayar da abincin shekara. Daga nan waya ta daina shiga. Jama'a, a ji da kyau. Rundunar soja ta sha nanata cewa neman shiga soja kyauta ne. Ana cike takarda ta intanet, a je tantancewa, wanda ya dace a tura shi horo, kamar yadda aka daɗe ana yi a Dafo na Zariya. Duk wanda ya ce a biya shi ya sayar da gurbin aikin gwamnati, a riƙe hatsi, a kai maganarsa ga hukuma.

Mu juya ga hanya. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, ta haura 500 cikin kwanaki, ta kai ga wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Kuɗin mota ya bi ta. Iyalin da a da ke tahowa gaba ɗaya daga Legas ko Kaduna, yanzu sukan wakilta mutum ɗaya. Wanda bai samu zuwa ba kada a ɗauka ya yar da zumunci.

Masu tahowa ta Kontagora da Rijau, ko ta Koko da Mahuta, ko ta Daki Takwas, su yi sammako su isa da rana. Direba kada ya ce sai ya yi sawu biyu a inda ya saba ɗaya. Kada a yi lodin da ya wuce kima, kada a sha a riƙe sitiyari ko kan babur. Hazon hunturu na rage gani, a kunna fitila, a rage gudu. Kada kuma matafiyi ya shelanta a Facebook ranar da zai taso da hanyar da zai bi. Ya kira gida ya ji halin da hanya ke ciki kafin ya bar Zuru ko Ribah.

Dalilin wannan taka-tsantsan ba ɓoyayye ba ne. Danko/Wasagu na iyaka da Zamfara da Neja, kuma ta sha wuya a hannun 'yan bindiga. A Yunin 2021 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukan ƙaramar hukumar. A Maris 2022 an rasa sojoji da 'yan sanda a Kanya. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Da ikon Allah sun dawo gida cikin watan. Bayan waɗannan da duniya ta ji, akwai ƙauyukan da suka watse ba labari, da gonakin nesa da aka shuka ba a girbe ba.

Mutanen waɗannan ƙauyuka suna nan cikin Wasagu da Bena da Ribah da Zuru, a ɗakunan aro da gidajen dangi. Su ba su da rumbun da za su ƙirga. Wasu manoma ne da a da suke ciyar da wasu, yau suna aikin sussuka a biya su da kwano. Mai ƙirga na ci ya ƙara kwano ko dami domin su. Majami'u da masallatai sun san inda suke. Bazawarar soja ko ta ɗan sa-kai da ke unguwa ma a tuna da ita, kuma a kai mata da mutunci, ba a gaban taro ba.

Sai kashi na ƙarshe, ranar kanta.

Tun makonni kafin nan, da yamma ana jin ganga da tulu da kacau-kacau daga majami'u. Mata na bitar waƙoƙi, yara na haddar ayoyi da wasan kwaikwayon haihuwar Yesu Almasihu. Ranakun 25 da 26 ga Disamba hutu ne a duk ƙasa. Inda shugabannin ikilisiya da jami'an tsaro suka ga ya fi dacewa a yi taro da rana maimakon dare, a ba su haɗin kai.

A jajibiri murhu ba ya hutawa. Ana suyar nama da cincin, ana dama kunun zaƙi. Hunturu ne, komai a bushe yake, ga iska. A nisanta wuta daga danga da karan dawa da rumbu. A kashe garwashi kafin a kwanta. Mai ajiye fetur a jarka ya fitar da shi daga ɗakin kwana. Samari masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya su tuna akwai dammunan da ba a kwaso ba. A hana yara wasan nakiyar biki, domin a garin da ya san ƙarar bindiga, ƙara ɗaya na iya sa jama'a gudu.

Akwai ɗabi'a mai kyau da gidajen Kirista da yawa suka riƙe. Sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka dabbar, don kowa ya ci hankali kwance. Da an taso sujada, sai ka ga yara cikin sababbin kaya ɗauke da kwanuka, ana kai shinkafa da miya gida-gida. "Inna, wai in ji Mama, ga abincin Kirsimeti." Ita kuma ta sa albarka, ta juye, ta wanke kwanon, ta ɗan saka wani abu a ciki. Da Sallah kwanon nan zai dawo ta ɗaya hanyar. Mai dafawa ya sa wannan rabo cikin awonsa tun farko, tare da na baƙin da ke zaman gudun hijira a unguwa.

Bayan 26 ga wata hidima ba ta ƙare ba. Akwai sujadar shiga sabuwar shekara, akwai sauran bukukuwan aure, akwai garuruwan da Uholarsu ke tafe. Makarantu kuma za su buɗe a Janairu, da kuɗin littattafai da na mota da na guzurin 'yan kwana. Wannan kuɗi a ware shi tun yau, a damƙa wa wanda ya fi iya riƙo a gidan.

Nan shirin namu na yau ya tsaya. Ga 'yan uwa Kirista na Wasagu da duk ƙasar Zuru, barka da Kirsimeti. Matafiya, Allah ya kawo ku lafiya. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci.